Ɗana ya iya jan mota, in saya masa permi kawai?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, ina sayen hatsi a kasuwannin ƙauye. Na sayi ƙaramar mota ta hannu don hidimar gida da zuwa kasuwa. Ɗana mai shekara 20 ya koyi tuƙi wurin abokansa a gareji, wata uku ke nan yana jan ta cikin unguwa. Kwanan baya ya goge wani ɗan kabu-kabu a mahaɗar hanya, mutumin ya faɗi, shi kuma tsoro ya sa bai tsaya ba. Yanzu wani ya ce in ba shi kuɗi ya fito masa da permi ba sai ya yi jarrabawa ba. Mahaifiyarsa ta ce ai ya riga ya iya, haɗari kuma ƙaddara ce, ko ƙwararre yana yi. Ga kaka ta matso, ina buƙatar mai kai ni Cadawa da Agye da Gidan Rumji. In biya, ko in kai shi makarantar tuƙi?" Wani uba daga Maraɗi.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya kuɗin nan. Kuma tun yau ka karɓi makullin motar ka sa a aljihunka. Amma kafin maganar permi akwai wadda ta fi ta gaggawa, wato bawan Allahn da ya faɗi.

Ku neme shi. Ba abu ne mai wuya ba, ƴan kabu-kabu suna da matsayarsu kuma sun san juna. Ka koma mahaɗar da abin ya faru, ka tambayi mai shayi da mai faci da masu tebur na wurin, da wuya a rasa wanda ya gani. Ka tafi da yaron, shi zai buɗe baki ya ce ni ne, ya nemi gafara, ba kai ba. Ka biya kuɗin magani da gyaran babur da kwanakin da mutumin ya yi bai fita nema ba. Ko ya ce ya warke, in kansa ya bugu da ƙasa a kai shi likita, domin jini yana iya taruwa cikin kai a hankali, sai bayan kwanaki a ga ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko yawan barci, ko magana ta rikice. In kuwa raunin babba ne, ku je wurin ƴan sanda da ƙafarku, ya fi a zo a same ku. Mun san wannan tafiya tana da nauyi ga mai mutunci irinka. Sai dai yaron yana kallonka. In ya ga an binne maganar, abin da zai koya shi ne in ka buge mutum ka taka totur, kuma babu makarantar da za ta cire masa wannan daga baya.

Hajiya ta ce ya iya. Abin da ya iya shi ne jan mota: sakin kuloci ba ta mutu ba, canza giya, yin ribas cikin lungu. Wannan kam, duk yaro mai kai yana kama shi cikin mako biyu, kuma shi kaɗai ake koyarwa a gareji. Sauran aikin, wanda shi ke raba direba da mai jan mota, ba a hannu da ƙafa yake ba, a ido da lissafi yake. In kana son ka gane da kanka, yau bayan Isha'i ka zaunar da shi ka yi masa tambayoyi. A mahaɗar da ba ta da fitila ba ta da alama, wa ke fara wucewa? Amsar ita ce wanda ya fito daga damarka. Alama mai kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa me take cewa? Ka ba waɗanda ke kan babbar hanya su wuce. Zagaye mai jan baki hani ne, zagaye mai shuɗi umarni ne, kusurwa uku mai jan baki gargaɗi ne. Farin layi da bai yanke ba a tsakiyar gudron ba a tsallake shi. In ya yi ta inda-inda, kada ka yi masa faɗa, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Haɗarin da ya yi ma yawanci daga nan yake fitowa. Sabon direba yana kallon hancin motarsa ne kawai. Ƙarfen da ke gefen gilashin gaba, wanda ya riƙe rufin mota, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma ya isa ya ɓoye babur da mahayinsa gaba ɗaya a lokacin da ake shiga kwana. Haka nan a kowane gefen mota, daga ƙofar baya zuwa ɗan gaba da wutsiya, akwai wurin da madubi ba ya nunawa. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi jeri guda da ba ya canzawa kafin ya juya: madubin ciki, madubin gefe, sigina, sannan ya waiga da kansa ta kafaɗa, sannan ya karya sitiyari. A gari irin Maraɗi, inda babura da adaidaita ke kutsowa ta dama da hagu, wanda bai saba da wannan waigen ba zai sake goge wani, ko da permi goma a aljihunsa.

Yanzu ga lissafin da muke so kai ma ka riƙe, domin kai za ka zauna a gefensa. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta hau burki, kusan daƙiƙa ɗaya ce ga mai lafiya wanda hankalinsa ke kan hanya. A gudun kilomita 50 a awa, cikin wannan daƙiƙa motar ta ci mita 14 ba a ko taɓa burki ba. A gudun 90, mita 25. Bayan nan ne burkin zai fara nasa aiki. A makarantar tuƙi akwai hanya mai sauƙi ta ƙiyasta nisan tsayawa gaba ɗaya: ka cire sifirin ƙarshe na gudun, ka ninka abin da ya rage da kansa. Gudun 50, biyar sau biyar, mita 25. Gudun 90, mita 81. Gudun 120, mita 144. Ka lura da yadda abin ke tashi. In gudu ya ninka sau biyu, nisan da burki ke ci ninkawa yake sau huɗu. Wannan kuma a busasshen gudron ne da taya mai kyau. In an yi ruwa, ko iska ta zubo yashi a kan hanya kamar yadda take yi a wurare da yawa tsakanin Maraɗi da Tasawa, nisan burkin yana iya ninkawa.

Ka sa wannan lissafi a bakin kasuwa ranar cinta. Yarinya mai talla ta fito da gudu daga bayan babbar mota, tazarar mita 30. Mai gudun 50 zai tsaya kafin ya kai gare ta. Mai gudun 70 zai same ta da sauran gudu mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Kilomita 15 ne kawai bambancin, abin da direba ba ya ko ji a jikinsa. Rahoton hukumar na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya, kuma haɗarin hanya shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗanka yana cikin wannan sahu, haka nan yawancin ƴan kabu-kabu da masu tallan da zai riƙa ratsawa.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarka shi ne kana shirin ɗaukar wanda bai wuce unguwa ba ka ɗora shi a babbar hanyar ƙasa, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Cadawa da Agye ta wuce Damagaram. Hanya ce mai layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, manyan motocin kaya da bas-bas na dogon zango suna kanta dare da rana. A nan wuce mota shi ne wurin da sababbi ke halaka. Ka ɗauka tirela tana tafiya a 70, shi yana 90. Kafin ya fito daga bayanta, ya wuce tsawonta, ya koma hannunsa da tazara, zai ɗauki kusan daƙiƙa 13, ya ci fiye da mita 300 a hannun masu zuwa. Motar da ke tahowa ita ma za ta ci kamar haka. Ke nan sai ya hangi hanya fayau fiye da mita 600 kafin ya fita. Ba a kwana ba, ba a hawan tudu ba, ba a shiga gari ba, ba a inda hanyar ƙauye ta ɓullo ba. Kuma kada ya bi bayan wani ya fita don ya ga ya fita. Na gaba yana iya samun wurin komawa, na baya ya rasa. Kafin wucewar ma, kada ya manne wa tirela. Ya zaɓi wata bishiya a bakin hanya, in motar gaba ta wuce ta ya ƙirga daƙiƙa biyu cikakku kafin shi ya iso, uku ko huɗu in an yi ruwa ko yana ɗauke da kaya.

Akwai kurakurai biyu da hannu ke yi da kansa in ba a horar da shi ba. Na farko, tayar dama ta sauka daga gudron zuwa ƙasa, inda gefen hanyar ya zaizaye ya bar gaɓa. Mai tsoro yana fizgo sitiyari hagu da ƙarfi, tayar ta kama gaɓar ta yi tsalle, motar ta tsallaka hannun masu zuwa ko ta kife. Abin yi shi ne ya riƙe sitiyari sosai da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar ta ta ci gaba da tafiya rabi a ƙasa har gudu ya sauka sosai, sannan ya duba madubi ya hau a hankali. Na biyu, fashewar taya. Ƙafa tana rugawa burki, kuma burkin ne ke juya motar. A nan ma sitiyari za a riƙe, a saki totur sannu, sai gudu ya ragu a taɓa burki kaɗan-kaɗan a gangara gefe. Waɗannan ba a koyon su ranar da suka faru.

Tunda maganar taya ta zo, ka duba naka huɗun da safayarsu. A jikin kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe. Ka duba gefenta, in ka ga ƙananan tsage-tsage ko kumburi, a cire ta. Wadda ta wuce shekara shida a riƙa sa mata ido, wadda ta kai goma ta gama aiki komai kyanta. Zurfin zanen kada ya gaza milimita 1.6. Iska kuma da safe ake auna ta kafin motar ta yi tafiya, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin bar 2.2 da 2.5 a ma'aunin iska ga ƙananan motoci. Mutane da yawa suna rage iska a bazara wai don kada zafi ya fasa tayar. Akasin haka ne. Tayar da iska ta yi wa kaɗan tana lanƙwasawa a kowane juyi, ta ɗauki zafi daga ciki, a ranar Afrilu da zafi ya haura 40 ita ce ke fara fashewa. Man burki kuma a canza shi duk shekara biyu, domin yana shan danshi, in ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka burki ka ji ya lume har ƙasa babu kamu. In ba ka san yaushe aka canza na motar nan ba, a canza shi makon nan.

Kai ɗan hatsi ne, don haka dole mu yi maganar lodi. A kart giriz ɗin motar akwai nauyinta babu kaya da kuma iyakar nauyin da aka yarda ta kai. Bambancin su ne abin da za ta ɗauka, har da mutane. Ga ƙaramar mota yawanci kilo 400 zuwa 500 ne. Manya biyar sun kusa kilo 350. Buhu ɗaya na kilo 100 ya cike sauran. In aka danna buhu uku a but, bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta haska sama ta makantar da masu zuwa, burki kuma ya ƙara nisa. In aka ɗora a rufi, nauyi ya koma sama, ƙaramar kaucewa ta isa ta kifar da ita. Hatsi a ba motar kaya.

Dare kuwa, mu dai a hana shi gaba ɗaya a watannin farko. Ƙaramar fitila ba ta haska fiye da mita 40 zuwa 50, shi kuma a gudun 90 yana buƙatar kusan 80 ya tsaya. Ma'ana duk abin da ya gani a haskenta ya riga ya makara. Kuma ka san abin da ke kan hanyoyinmu bayan magariba a lokacin kaka: amalanken shanu da na jakai sun ɗauko damman gero ba fitila ba madubi, garken dabbobi na tsallakawa, babbar mota ta lalace an jera mata rassan itace maimakon alama, mota mai ido ɗaya da za ka ɗauka babur ce. In mai zuwa ya dalle shi da babbar fitila, kada ya rama, ya mayar da idonsa gefen dama na hanya ya rage gudu. In hazon hunturu ya sauka, ƙaramar fitila ake kunnawa ko da rana, don a gan ka. Babbar fitila ƙurar take haskawa ta dawo maka ido. Da damina kuma, ruwa mai gudu da ya kai santimita 30, wanda bai ko kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. In kwari ya kawo, a jira.

Maganar ƙaddara, Hajiya ta faɗi gaskiya, babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. Amma a tuna mata da mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 92, bai bar kisan kuskure haka nan ba: ya ɗora diyya ga iyalan mamaci da kaffara, wadda ga wanda bai samu bawan ƴantawa ba azumin wata biyu ne a jere. Wannan ga wanda bai yi nufi ba ke nan. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi matsayin wanda ya san bai ƙware ba ya hau hanya, da wanda ya san haka ya miƙa masa makulli. Ka yi mata maganar da taushi. Ba gardama take yi ba, ɗanta take so a ga ya zama mutum, kuma hanyar da muke nunawa ita ce za ta kai shi can da ransa.

Ta fuskar hukuma ma cinikin nan asara ne. Takardar da ba a bi hanya an samu ba tana iya zama ta jabu, wadda ba ta cikin kundin hukuma, kuma ranar da aka yi haɗari jandarma suka bincika, laifi ya zama biyu, tuƙi ba izini da riƙe takardar ƙarya. Asirans ɗin motar ma ba zai rufa maka asiri ba. A dokar inshora ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wato CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, in direba ba ya da permi ingantacce kamfanin yana iya biyan wanda aka ji wa rauni sannan ya juyo kanku ya nemi kuɗinsa. Haɗari ɗaya mai rai a ciki yana iya cinye jarin shekaru.

To a kai shi makaranta, amma kada ka biya a ofis ka juya. Ka je da kanka ka leƙa cikin motar koyarwar, ka tabbata akwai burki da kuloci na biyu a gefen malami. Ka tambaya awa nawa ɗalibi ke yi riƙe da sitiyari shi kansa, ba zaman kujerar baya yana kallon wasu ba. Mu muna ganin kada ya gaza awa 20, kuma a ciki a fita da shi cunkoson babbar kasuwa da shataletale da babbar hanya, ba fili kawai ba. In Faransancinsa bai yi ƙarfi ba, ka nemi inda ake bayanin kod, wato dokokin hanya, da Hausa, domin haddar amsoshi ba tare da fahimta ba ita ma sayen permi ce ta wata hanya. Ka roƙi malamin ya sa shi taka burkin gaggawa a gudun 40 a wurin da babu kowa, har sai ya saba. In motar tana da ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, zai ji burkin yana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, kada ya saki, haka yake aiki. In ba ta da shi, tayoyi suna kullewa sitiyari ya daina ji, sai ya ɗan sassauta ya sake takawa. Kafin duk wannan a gwada idonsa a likita. Matasa da yawa ba su san ba sa hangen nesa ba sai sun zauna a bayan sitiyari. Ka kuma sani permi B na ƙananan motoci ne, waɗanda ba su wuce tan 3.5 ba kuma kujerunsu ba su wuce tara ba har da direba. In wata rana ya ce zai ja bas ɗin haya, wannan wani karatu ne.

Ranar da ya ci jarrabawa ba ranar sakin makulli ba ce. Wata uku na farko, cikin gari, da rana, da babba a gefensa. Bayan nan gajerun tafiye-tafiye, Tibiri ko Madarunfa, a dawo kafin la'asar sakaliya. Banda ɗaukar abokai, domin matashi a gaban tsaransa ba ya son a ce masa matsoraci. Banda sakin giya a gangara ko taka kuloci a bar mota tana gudu wai don tsimin mai. Injin yana taimaka wa burki riƙe mota, in ka raba su burkin ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Waya a aljihu: kallon daƙiƙa biyu a gudun 90 mita 50 ne ido rufe. Ɗamarar kujera ga kowa, har na baya, tun kafin a tayar da mota. Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga bene mai hawa uku, kuma babu hannun da zai iya riƙe jariri a wannan lokaci, don haka yara a baya, ba a cinyar mai zaman gaba ba. A doguwar tafiya a tsaya duk awa biyu a huta minti 15 zuwa 20. In barci ya zo, barci ne maganinsa, ba shayi ba, ba goro ba, balle tramol, wanda ke ɓoye gajiya ya rage saurin ankara, yawansa kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya yana riƙe da sitiyari. Ka san abokan garejin nan da abin da suke sha.

A koya masa kuma abin da ya kasa yi ran nan. In haɗari ya faru, a tsaya, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar kusurwa uku aƙalla mita 30 a baya, a babbar hanya a ƙara nisa sosai. A kira ƴan kwana-kwana a 18 ko ƴan sanda a 17. Kada a ba wanda ya ji rauni ruwa, kada a ja shi ta hannu ko ƙafa, kada a cire masa hular kwano, domin in wuya ko baya ya karye motsin ne ke shanye jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle, kada a ɗaga. In taron jama'a ya ba shi tsoron ransa, ya wuce kai tsaye ofishin ƴan sanda ko jandarma mafi kusa ya kai kansa, ba gida ba.

Wani kaso na aikin naka ne, Alhaji, kuma ba ma so mu ɓoye maka. In kana zaune a gefe kana cewa taka mu samu kasuwa da wuri, kai ne ke tuƙin. In yana kan hanya kana kiran wayarsa kana tambayar ina ya tsaya, kai ka sa shi ɗauka. In kai ba ka ɗaura ɗamara, shi ma ba zai ɗaura ba da zarar ka sauka. Ka gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa duk ranar da ya ce ya gaji, ko dare ya yi, ko taya ba ta yi masa ba, ba za ka yi fushi ba ko da cinikin ranar ya wuce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Hausawa, kuma sai ya ji daga bakinka zai yarda da gaske kake.

Kakar bana kuwa ka ɗauki direba na wata biyu ko uku, yaron ya zauna a gefensa a ranakun da ba ya makaranta, yana karanta alamomi da baki yana ƙirga tazara. Wajen zaɓar direban, ka ga permi ɗinsa da idonka, ka tambayi wanda ya yi wa aiki a baya, sannan ka hau ya kai ka Tibiri ku dawo ba ka ce masa komai ba. Ka lura ko ya zagaya motar ya duba tayoyi kafin ya shiga, ko ya gyara madubai, ko ya rage gudu da kansa a shiga gari, ko ya ɗauki waya da ta yi ƙara. Ku yi yarjejeniyar kuɗinsa a kan wata, ba a kan yawan zuwa da dawowa ba, don kada ya riƙa gudu yana neman ƙarin sawu.